Kujerar da Na Sa wa Surukina a Cikin Jirgin Ruwa

Assalamu alaikum. A shekarar da abin nan ya faru ni magidanci ne, ina sayar da hatsi a kasuwar Birnin Kudu, ina kuma da gona a ƙasar Gwaram, dab da kogi. Karatuna na allo ne da na zaure, ko wasiƙa zan rubuta da ajami nake yi, kuma mutane suna yi mini kallon mai natsuwa. Ni ma haka nake ɗaukar kaina. Wata kaka da Allah ya yi wa gonata albarka, sai na sayi ƙaramin jirgin ruwa na katako mai inji a hannun wani masunci da tsufa ya kama. Ba don sana'a na saya ba. Ranar Juma'a bayan la'asar nakan ɗebi abokai biyu ko uku mu zaga kogin, mu jefa ƙugiya, mu dawo kafin magariba.

Koyon tuƙina gaba ɗaya bai wuce yini guda ba. Tsohon ya nuna mini yadda ake jan igiya inji ya tashi, da yadda ake karkata shi dama da hagu. Ya ce kada in ɗauki fiye da mutum shida, kuma kowa ya zauna ƙasa a kan katakan da aka gitta. Ya haɗa mini da rigunan hana nitsewa guda huɗu, na cusa su a buhu na tura ƙarƙashin wurin zamana. Na rubuta addu'ar shiga jirgi da hannuna a goshin jirgin, na ɗauka shi ke nan na gama shiri.

A lokacin ne aka fara faɗa a rediyo cewa ana shawarar kafa doka: duk mai tuƙa jirgin ruwa, ko na shaƙatawa ne, sai ya je an koyar da shi yadda ake kare rai a ruwa, an ba shi lasisi. Ina jin kunyar faɗa, amma a majalisarmu ni na fi kowa yi wa maganar dariya. Na ce kakanninmu da gora suke haye kogin nan, ba wanda ya tambaye su takarda. Wani malamin makaranta a cikinmu ya ce kakanninmu ba su da inji a bayansu. Na ce masa 'yan boko ko numfashi za su yi sai da satifiket. Aka yi dariya, na ji daɗin kaina.

Babbar Sallar shekarar a cikin damina ta faɗo, kogi ya cika ya yi ja. Washegarin Sallah surukina, mahaifin matata, ya zo daga Basirka tare da aminansa biyu, dattawa. Ya ji labarin jirgin, ya aiko ɗaya daga cikinsu ya shaida mini yana so a zaga da shi. Duk Bahaushe ya san yadda ake da suruki. Shekara goma sha ina auren 'yarsa ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, in zan gaishe shi a durƙushe nake, daga nesa. Da muka isa bakin kogi na ƙirga mu a zuciyata, da ni da abokaina da baƙin, mu takwas. Na san mun yi yawa. Amma ban ga wanda zan ce ya koma ba.

Sai wani abokina ya raɗa mini cewa bai dace Baba ya zauna a kan katako daidai da mu ba, ga shi da sabuwar babbar rigar shadda. Na ga gaskiyarsa. Na aika rumfar gona aka ɗauko kujerar roba, na kafa ta da hannuna a tsakiyar jirgin. Aminin Baba yana tsokanarsa wai yau ya zama sarkin ruwa, saura a nemo masa maroƙa, shi kuwa ya ce ai gara shi, wani ko a kan jaki sai an riƙe shi. Buhun rigunan nan yana taɓa dugadugina. Na yi tunanin yadda zan miƙe in ce wa surukina ya ɗaura wani abu mai ruwan lemo a kan shaddarsa, in kuma kai hannu jikinsa in ɗaure masa. Na kasa. Na karanta addu'a na ja igiya.

Muka bar gaɓa. Bakin jirgin bai fi taƙi ɗaya da ruwa ba, kuma duk motsin da Baba ya yi a kan kujerar sai in ji jirgin ya bi shi. Ina so in ce a daina motsi, ina jin nauyi. Mun kai tsakiya sai na hangi kututturen itace ruwa ya kwaso shi yana tahowa. Na karkata injin da ƙarfi lokaci guda. Jirgin ya ba ruwa gefensa, ƙafar kujera ta zame, sai kawai na ga Baba ya tafi da baya. Mutane duka suka zabura gefen da ya faɗa, ruwa ya fara kwararowa ciki. Ni kuwa na daskare, inji yana ta juyawa, farfelarsa tana kusa da inda yake. Ban san abu na farko shi ne in kashe shi ba. Babbar rigar ta jiƙe ta naɗe masa kai da hannuwa, muna ganinta tana kumbura tana nutsewa.

Allah ya kawo wasu masunta biyu da ke jan koma, wato ragar kamun kifi, a gefe. Ɗaya ya daka mini tsawa in kashe inji, ɗayan ya faɗa ruwa ya kama rigar ya yage ta da wuƙa. Da aka fito da Baba bakin gaɓa ba ya numfashi. Mu bakwai da muka rage, har da ni mai jirgi, ba wanda ya san abin yi sai salati. Masuncin da ya faɗa ruwan ne ya kwantar da shi yana danna ƙirjinsa yana hura masa iska, har ya yi tari ya amayar da ruwa. Daga baya na ji ashe an taɓa tara su an koya musu haka.

Mako biyu Baba ya yi a asibiti a Birnin Kudu, ruwa ya taɓa masa huhu. Kullum ina tsaye a baranda, ina jiran likita ya fito.  Ranar da za a sallame shi ya sa aka kira ni ciki. Na durƙusa kaina a ƙasa. Ya tambaye ni ko na san mun yi yawa, na ce na sani. Ya tambaya ko gaskiya ne akwai rigunan a jirgin, na ce akwai. Sai ya ce:

"Malam, a gida ni ne babba. A cikin ruwa kai ne babba. Da ka ce in sauka, da na sauka."

Har yau in sanyi ya shigo tari yake kwana yi, kuma duk tarin nan a kunnena yake sauka. Na tuba ga Allah, don addu'a ba ta ɗauke wa mutum nauyin neman sani. Na kuma gane abin da ban gane ba lokacin da nake dariya a majalisa. Da an tilasta mini zuwa koyo, da na san haɗarin kujera a jirgi, na san kashe inji. Da kuma akwai doka, da na sami bakin magana a gaban surukina ba tare da na yi rashin kunya ba, in ce Baba, hukuma ce ta hana.

Ina roƙon duk mai jirgi, na haya ko na shaƙatawa, kada ya jira sai an kafa dokar. Ya je ya koya, ya ƙirga mutanensa a fili, ya sa wa kowa riga komai girmansa. Kunya ado ce a tudu, amma kogi bai san suruki ba. Allah ya tsare mu.