Pil Huɗu a Cikin Huhun Goro

Shekaru da yawa baya, lokacin ana ce wa ƙasar nan Dahome, ina goyon ɗana na fari, saƙo ya iske mu a Paraku cewa mahaifiyata ta faɗi ta karye a ƙugu. Tana wani ƙauye can gaba da Jugu, gidan ƙanenta, inda aka kai ta wurin mai ɗori. Wanda ya kawo saƙon bai ɓoye mini ba, ya ce in ina son ta ga jikanta, kada in jira damina ta wuce.

Maigidana mai hoto ne, yana da ɗan shago a Albarika, kuma yakan zaga ƙauyuka yana ɗaukar mutane hoton kati. Ya ce mu tafi tare, ya yi aikinsa a hanya, in mun isa ya ɗauki Inna da yaron. Ba a taɓa ɗaukar ta hoto ba. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan, kada ta tafi yaron ya tashi bai san kamanninta ba.

Hoton kati a rana ake yin sa, ba ya cin komai. Amma Inna ba ta ɗaguwa, ɗakin ƙauye kuma kun san shi, ƙofa ɗaya, ba taga. Sai da filas, fitilar nan mai walƙiya, ita kuwa pil take ci, wato batir. Ya sayi sababbi huɗu, don in ka bar Jugu ka shiga daji ba inda za ka same su. Da muka sauka daga kamiyo, wato babbar mota, za mu kama tafiyar ƙasa, ya miƙo mini su.

"Riƙe. Akwatina na ƙarfe ne, rana na dafa shi, zafi kuma shi ke kashe su. Ki sa su inda ke da sanyi."

To ni 'yar masu goro ce tun kakanni. A gidanmu abin da ake tsoron zafi ya kashe, a ganye ake naɗe shi a yayyafa masa ruwa. Ina ɗauke da ɗan huhun goro, tsarabar kawu. Na buɗe na cusa su a tsakiya. Kwana uku muna tafe, safe da yamma ina yayyafa musu ruwa, har ina jin kaina mai dabara. Duk inda muka ya da zango sai ya ce, "Suna nan?" In ce, "Suna nan, sanyi ƙalau." Bai gwada ba, wai gwaji rage musu ƙarfi yake yi.

Da hantsi muka isa. Inna ta rame har na kasa gaishe ta da kyau. Na ɗora mata yaron a ƙirji, ta yi ta shinshinar kansa. Kawu ya ja ni waje, ya rage murya.

"Kwana biyu ko kunu ba ta sha. Abin da ya kawo ku, ku yi shi yau."

Na kwance huhun. Takardar jikin pil ɗin ta saɓule, sun kumbura, bakinsu ya yi wani fari-fari kamar kanwa. Maigidana ya goge su da gefen rigarsa, ya kankare da wuƙa, ya zuba a filas ya kara a kunne. Da ma in tana da rai takan yi ɗan kuka kamar sauro. Shiru. Ya shanya su kan dutse, ya sake zubawa. Shiru.

"A ruwa kika sa su?"

"Ka ce sanyi."

"Na ce sanyi," in ji shi. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Rediyo ɗaya ce a ƙauyen, pil ɗinta sun mutu tun ruwan farko. Jugu kuwa, zuwa da dawowa kwana shida. Daga ciki Inna ta ce, "Me ake ta ƙus-ƙus?" Kawu ya gaya mata. Ta ce, "Goro ta mai da su? To a ɓantaro mini ɗaya in tauna." Kowa ya yi dariya ban da ni.

Ina zaune bakin ƙofa ina share hawaye, matar kawu ta wuce da farantin da ta wanko. Rana ta daki farantin, wani haske ya faɗa ɗakin, ya gilma a bango saman kan Inna, na ga yaron ya bi shi da ido. Na ce, "Malam, dubi." Ya sa ta dawo ta sake wucewa. Ya tsaya yana kallo, sannan ya ce a tattaro duk wani faranti mai sheƙi a gidan.

Muka goge su da toka. Hadari kuma ya taso daga gabas, yana ta haurowa. Ni da mata biyu muka tsaya a tsakar gida muna karkata faranti, shi yana ciki yana cewa, "Ƙasa kaɗan. A'a, kin wuce." Hasken na ta tsalle a bango.

"Inna, ki dubo nan, kada ki motsa."

"Ni in zuba wa surukina ido? Ban taɓa ba, ba yau zan fara ba."

"To ki dubi 'yarki, ga ta can."

Ta juyo. Na danne numfashi na riƙe hasken a fuskarta. Ya ɗauka sau biyu, kafin na uku rana ta shige cikin hadari.

A ƙauye ba inda ake wanke fim. Sai da muka koma Paraku, kuma labarin rasuwarta ya riga mu isa. Ranar da ya shiga ɗakin wanki, na zauna a ƙofar shagon da yaron a baya. Na farkon ya fito baƙi ƙirin. Na biyun ya miƙo mini da sauran danshinsa.

A hoton, yaron ya juya kai, ya zama kamar hayaƙi, har yau cewa yake ba shi ba ne. Ita kuwa ta fito sarai, har tsagen kumatunta, ta ɗan ƙanƙance ido don haske.

Na daɗe ina jin kunyar wautar nan, yanzu ni da kaina nake ba da labarin a yi mini dariya. Da filas ta yi aiki, na san Inna, ƙasa za ta kalla. Baƙi in sun ga hoton a bango sukan tambaya me ya sa tsohuwar take duban gefe. Nakan ce musu a nan nake tsaye.