Abin da Rifkatu ta bari a firij

Shekara bakwai ke nan da muka kai yayata Rifkatu ƙauyenmu, can bayan Zonkwa, muka binne ta. Kawu Ayuba, ƙanen babanmu, har gobe cewa yake ba duka muka binne ba.

Citta take sayarwa a kasuwar Kafanchan, mace mai baki, ba ta barin ta kwana. Ciwon kai ya fara, sai amai da safe. A babban asibiti aka ce dajin ƙwaƙwalwa ne. Kafin aiki wata likita ta roƙe ta, in an ciro ƙarin a bar musu ɗan yanki da jininta, a adana a firij don masu binciken cutar. Ba ta ɓoye mata ba: ita ba zai amfane ta ba, sai na baya.

Mu kuwa a gidanmu ko cibiyar jariri ba a yarwa, bayan ɗaki ake binne ta. Kawu ya ce, "Nama da jini, ki ba baƙo? Kin san me za su yi da shi?" Ni ma gabana ya faɗi, mun sha jin labarin matsafa. Rifkatu ta ce, "Kawu, abin da ke kashe ni ne fa. Su ɗauka." Ranar jana'iza ya ƙi zuba ƙasa.

'Yarta Godiya tana hannuna. Tun farkon damina take dafe kai, makon jiya ta yi amai da safe. Likitan da ya duba ta ya ce yawanci abin ba gado ba ne, a dai yi hoton kan. Na ji shi, amma tsoro nake ji, har yau ban kai ta hoton ba. Da Rifkatu na nan, da ta ce, "Matsoraciya, tashi ki kai min yarinya."

Ranar Lahadi bayan sujada Kawu ya zo a kan mashin. Ya daɗe yana kallon Godiya tana wanke-wanke, sannan ya rage murya. "Wancan abin da suka ajiye, yana nan? Sun gane wani abu?"

Na ce ban sani ba, Kawu.

Kabarin muna sharewa duk Kirsimeti, rumfarta wata ta gaje. Abin da ya rage nata da zai iya taimakon wani shi ne ɗan yankin nan da muka yi faɗa a kansa. Kawu ya cire hula ya ce, "Ubangiji ya sa ba a ɗauke musu wuta ba."