Hannun da Luom Ya Make

A kasuwarmu ta bakin kogi a Can Tho, kowa ya san Luom mai wankin hoto, kowa kuma ya san nawarsa. Shekara talatin yana rumfa ɗaya, tun kafin kwamfuta ta zo. Na sha gaya masa kunkuru ya fi shi sauri.

Da mijina ya rasu, na kai masa memorin wayar marigayin. Hoto ɗaya nake nema, wanda za mu ɗora a teburin kakanni, inda muke jera hotunan mamatanmu muna kunna musu turare, ranar cikarsa kwana arba'in da tara da rasuwa. A shi kaɗai mijin nawa ya yi dariya.

Luom ya saka memorin a kwamfuta ya fara kwafa. Ina ganin fuskar mijina ta fito, na kai hannu zan fizge abina, don jirgin ruwanmu zai tashi. Sai ya make min hannu da mafici.

"Kai, tsohon banza! Ni ka doka?"

"Haba Yaya, rogo ne da za ki tumɓuke? Kin ga 'yar wutar nan tana ƙyaftawa? Aiki take. Kika zare yanzu, hoton na iya lalacewa."

"To sai yaushe, sarkin nawa?"

"Sai kwamfutar ta gama, na ce ta saki memorin, ta amsa."

Jirgin ya tafi ya bar ni. Amma kullum na kunna turaren tsinke, na ga mijina a hoton yana washe min haƙoransa uku, sai na sa wa Luom albarka.