Ƙwayar Cuta Ma Tana da Dangi

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata Ramatu, kuma bana ne na fi son a ce tana raye, don in ga irin dariyar da za ta yi.

Ramatu ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce a wani asibiti a Sinja, a nan ƙasar Sudan. Yawancin matan ƙauyenmu na bakin Kogin Nilu wurinta suke zuwa da ciwon ƙaiƙayi da fitar ruwa, wanda wata 'yar ƙwaya ke haddasawa tsakanin miji da mata. Cikinsu akwai Hadiza, maƙwabciyarmu. Sau uku tana shan magani tare da mijinta, sau uku ciwon yana dawowa. Dangin miji suka ce ai daga waje take ɗebo shi.

Ramatu ta yafa tobinta, mayafin matan nan, ta je gaban dattawa. "Baba, ƙwayar nan dangi-dangi ce, kamar mu da muka baro Sakkwato," in ji ta. "Wata, maganin ba ya kashe ta. Ta farkon ce ba ta mutu ba."

Aka ce ta kawo shaida. Ba ta da ita, domin a madubinta na duba ƙwayoyin cuta duk kamanninsu ɗaya. Aka saki Hadiza, ita kuma yayata aka laƙaba mata Mai Asalin Ƙwaya. Ni kaina na tsokane ta da sunan, Allah Ya yafe mini.

To, watan jiya 'yata Safiya ta dawo daga karatu a Khartoum, ta zaunar da ni ta ce yanzu da wata na'ura ana bin ƙwayoyin halittar wannan cuta a rarrabe ta, kuma lallai iri-iri ce, wani irin ya fi jure magani. Na tashi tsaye, shayina ya kife. Rabon da in yi farin ciki haka na manta. Gaskiya dokin ƙarfe ce. Da Ramatu na nan, na san sai ta sa an maimaita mata sau uku, sannan ta tambayi kuɗin na'urar.

Yayata ba ta bar gadon gida ko gona ba. Abin da ta bari shi ne ta yarda da mace a ranar da kowa ya juya mata baya.

Washegari na hau mota zuwa Dinder, inda Hadiza ke zaune da 'ya'yanta tun bayan sakin. Na fara yi mata bayani ƙasa-ƙasa. Ta riƙe hannuna.

"Ni na sani tun tuni, Asma'u. Ɗaga murya, ɗiyana su ji."