Yadda Ɗan Nomau Ya Tashi Da Sunan Lukumanu

An haifi Nomau a wani ƙauye kusa da Madawa, a ƙasar Nijar, ana tsakiyar noma, shi ya sa aka laƙaba masa wannan suna. Amma bai yi noman ba. Tun yana yaro mahaifinsa, Malam Tasi'u, ya tafi da shi Kumasi, a ƙasar Gana, fataucin goro. A can ya girma, a can kuma ya auri Tsahara, 'yar wani mahauci ɗan yankinsu.

A ƙarshen shekarar 1969 gwamnatin Gana ta umarci baƙi marasa takardu su bar ƙasar. Su uku suka shiga motar kaya tare da tarin jama'a, suka nufi iyakar ƙasar Kodibuwa. Malam Tasi'u ya tsufa, ga cunkoso, ga rana. Kafin a isa Bonduku rai ya yi halinsa. Fasinjoji suka taimaka aka yi masa sutura a bakin hanya, direba na ta matsa ƙaho. Bayan damina Nomau ya koma neman kabarin, ya tarar ciyawa ta shafe ko'ina. Tun daga ranar ya ƙudurta cewa tunda ƙasa ba ta riƙe wa mahaifinsa alama ba, ɗansa na fari ne zai riƙe sunansa.

Sun yi shekara guda a Bonduku yana dako, sannan suka gangaro Abidjan. A Treichville, bayan babban masallaci, wani dillalin albasa mai suna Alhaji Lukumanu ya ba su ɗaki. Alhaji haifaffen unguwar ne, yana da takardun ɗan ƙasa. Shi ya sama wa Nomau aikin rakiyar motocin albasa daga Nijar. Mutanen gidan ba su damu da sunan baƙon ba, Ɗan Gana kawai suke ce masa.

A shekarar 1972 Tsahara ta haifi ɗa namiji, Nomau yana kan hanya. Ya bar wasiyya wurin liman, don haka ranar suna aka raɗa wa yaro Tasi'u. Amma sunan bai wuce zauren maza ba. A cikin gida mata suka shiga kiran jariri Abba, kamar yadda ake yi wa wanda ya ci sunan kakansa.

Bayan 'yan makonni Maimunatu, 'yar Alhaji, wadda ke aikin buga tafireta a wani ofis, ta ce dole a yanka wa yaro takardar haihuwa kafin wa'adi ya wuce. Ita ta raka Tsahara meri, wato ofishin magajin gari. Suka sha layi har azahar. Da suka isa gaban akawu, ya tambayi sunan yaro, da na ubansa, da na kakansa wanda zai zama sunan iyali.

Maimunatu ta juyo ta ce, “Amarya, ya sunan mijinki?”

Tsahara ta ja mayafi ta rufe fuska.

“Ke nake tambaya. Faɗi mana, sunan ba zai cije ki ba.”

“Yaya, kin san ba na iyawa.”

“To na babansa?”

“Subhanallahi! Surukina?”

“To na yaron da kika haifa da kanki fa?”

“Ɗan fari ne, Yaya. Kuma sunan ɗaya ne.”

Sunaye uku aka tambaye ta, kuma dukansu bakinta bai taɓa furtawa ba. Haka aka tarbiyyantar da ita, kuma a ganinta gara a kore ta daga ofishin da ta ambace su a gaban maza. Akawu ya buga tebur, ya ce da Faransanci nan ba ƙauye ba ne, in ba su da amsa su ba na baya wuri. Maimunatu, wadda ta riga ta makara wurin aiki, ta yi tsaki ta ce, “Ku mutanen daji kun cika wahalar da mutum.” Ta zaro katin mahaifinta daga jaka ta miƙa. Aka rubuta yaro Abba, ɗan Lukumanu.

Da Nomau ya dawo aka karanta masa takardar, bai daki kowa ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ya dubi matarsa, ya san abin da ta yi girmama shi ne, ba shi da bakin zarginta. Ya tafi wurin Alhaji.

Alhaji ya yi dariya ya ce, “Haba Ɗan Gana, takardar Nasara ce fa. Allah Ya san uban kowa. Rabin yaran unguwar nan da katina aka yanka musu. In ya girma a gyara.”

Nomau yana cin abincin mutumin, yana kwana a ɗakinsa. Ya ce to.

Shekaru suka tura. A 1977 suka tashi zuwa Adjame, wani ɓangaren Abidjan, a unguwar Saint-Michel, inda ya kafa teburin albasa na kansa. Sun haifi mace, Zalihatu, wadda ya je da ƙafarsa ya rubuta da sunansa. Sun haifi wani namiji, ƙyanda ta ɗauke shi kafin a yaye shi. Daga nan haihuwa ta tsaya. Abba ya shiga lakwal, wato makarantar boko, inda kowace safiya ake kiran Lukumanu ya amsa. Faransancinsa ya fi Hausarsa. A gida kuwa uban ba ya ambatar sunan ɗan fari, balle da yake sunan mahaifinsa ne, uwar ma haka. Sunan Tasi'u ya zauna a gidan ba tare da an taɓa jin amonsa ba.

A 1984, shekarar da Alhaji Lukumanu ya rasu, Abba ya ci jarrabawar shiga sakandare, gwamnati ta ba shi gurbi a makarantar kwana tare da tallafi. Nomau ya ga in ba a gyara yanzu ba, shi ke nan. Ya je wurin Mika'ilu, wani tsohon ma'aikacin kotu da ke zama ƙarƙashin rumfa kusa da merin Adjame yana rubuta wa mutane ƙorafi.

Mika'ilu ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya cire tabarau. “Malam, gyara yana yiwuwa. Za ka tsaya gaban alƙali ka ce takardar ƙarya ce. Za a kira wadda ta miƙa katin, wataƙila aikinta ya tafi. Yaron kuma zai koma ɗan baƙo kamarka. Ina tsoron gurbin da tallafin su bi ruwa.”

“Amma ɗana ne.”

“Wa ya musa? Ni dai na gaya maka abin da alƙalami zai yi. Ka zaɓa, sunan tsoho ko karatun yaro.”

Nomau ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki. Ya san rayuwar marar takarda, ya ga inda take ƙarewa. Bai shawarci Tsahara ba, don kada ta ɗauka yana tuna mata laifi. Bai koma rumfar Mika'ilu ba.

Ranar karɓar takardar tafiya ya sa babbar rigarsa ya raka yaron lakwal. Shugaban makaranta ya duba fayil, ya ɗago kai. Abba ne ya yi tafinta.

“Baba, ya ce uban da ke rubuce ya rasu. Wai kai mene ne a wurina?”

Nomau ya dubi ƙasa. “Ce masa ni ɗan haya ne a gidanku.”

“Baba...”

“Faɗa masa yadda na ce.”

Yaron ya faɗa. Shugaban ya ce ɗan haya ba ya sa hannu, sai a kawo wani daga cikin dangi.

Washegari Nomau ya shiga motar haya zuwa Treichville, ya yi sallama a ƙofar Maimunatu, ya roƙe ta ta zo a matsayin yayar Abba. Ta zo, ba ta iya haɗa ido da shi ba. A ƙofar ofis mai gadi ya ce dangi kaɗai ke shiga. Ta kama hannun yaron suka wuce ciki, aka rufe ƙofa. Nomau ya tattare rigarsa ya zauna kan benci a baranda, cikin sauran masu jira.