Sabon Murfin Rijiya

Mai ruwa na sauke jarkoki a tsakar gidan, amma idonsa na kan wani mutum da ke durƙushe gaban murfin rijiyar da aka zuba yanzun nan. Wannan ba magini ba ne. Hannayensa sumul suke, irin na mai zaman ofis, ga farar riga duk ta sha siminti. Ruwa na tasowa saman kankaren, shi kuwa sai ya shimfiɗa ƙaramin tawul, ya ɗaga, ya matse a gefe, ya sake shimfiɗawa.

"Yallaɓai, bar shi haka," in ji magini. "Rana za ta shanye sauran."

"Ba kai ka ce ruwan ne ke rage masa ƙarfi ba?" Ko ɗagowa bai yi ba.

Tsohon murfin na jingine da katanga, ya rufta ta tsakiya. Ramin bai fi faɗin faranti ba, babba ba zai wuce ta nan ba. Mai ruwa ya sake duban tawul ɗin: mai zanen 'yan agwagi ne, na wankan yara. Ya ja kurarsa a hankali don kada ta yi ƙara.