Geron Manomin Asabar

Ni manomin Asabar ne, kuma ba na jin kunyar faɗa. Litinin zuwa Juma'a ina ofis ina juya fayil, ranar Asabar in ɗaure fartanya a bayan babur in nufi gindin dutse ta wajen Liji. Irina suna da yawa a Gombe: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, masinjoji, har da daraktoci masu tumbi. Manoman gaske dariya suke yi mana, kuma suna da gaskiya, don mu so muke ruwan sama ma ya duba kalanda kafin ya sauko.

Gonar ta mahaifina ce. Tun yana saurayi ya baro ƙasar Katsina ya zo nan fatauci, kuma cikin kayansa har da irin geron garinsu, wani fari mai dogon kai. Bai taɓa tsallake damina bai shuka shi ba. Da furarsa aka yaye mu duka. Ya rasu bayan an gama kaka, kuma cikin hidimar zaman makoki mata suka shiga ɗakin ajiya suka yi ta sussuka suna daka na kunu da na sadaka. Ba su san damin da ke rataye shi kaɗai na iri ne ba. Kafin mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta farga, saura 'yan kawuna. Abin da ta tsirar bai cika mudu ba. Ta gauraya shi da toka, ta zuba a gwangwanin madara, ta miƙo mini tana cikin takaba.

Ta ce, "Ga shi. Babu wani a ko'ina. In wannan ya ƙare, ya ƙare ke nan."

Na ce, "Haba Inna, sai ka ce yau na fara noma."

Ga wanda bai san bazarar Gombe ba, gari ne da ke zaune cikin kwari, tuddai sun kewaye shi, in zafi ya sauko sai ka ce an kife ku da murfin tukunya. Amma ni duk shekara lokacin nake jira. Mangwaro ya cika bakin titi, a ko'ina ka tsaya sai ka ga mutum da babbar riga yana tsotsar ƙwallo ba kunya. Kafintoci suna kan rufi suna toshe yoyon bara. A unguwarmu ta Malam Inna mukan fito gayya mu yashe kwalbati, mu cika buhuna da yashi mu jera a bakin kwari don kada ruwa ya ƙara cin bayan gidaje, ana aiki ana tsokanar masu tsayawa riƙe da shebur suna ba da umarni. Maƙera ba sa hutawa. Kowa kuma, ko hira yake yi da kai, rabin idonsa yana gabas.

A shekarar, ruwan farko ranar Juma'a ya zo, muna fitowa daga masallaci. Kai, ranar an yi murna! Babu wanda ya gudu. Mata suka fito da bokitai da baho suna tara, ƙamshin ƙasa ya tashi, masu shago suna leƙowa suna "barka da ruwa". Na isa gida jiƙe sharkaf ina dariya ni kaɗai. Ko riga ban canza ba na sauko da gwangwanin.

Na san yadda mahaifina yake yi, ba zan ce ban sani ba. In aka yi ruwa yakan je gona ya tona ƙasa da hannu. In bai ji laima har wuyan hannunsa ba, sai ya karkaɗe hannu ya dawo gida. Kuma ko ruwa ya kai yaya, ba ya zuba iri duka, kullum sai ya rage rabi. Da safiyar Asabar ɗin na tona. Ban kai tsawon yatsa ba na tarar da busasshiyar ƙasa. Na sa ƙafa na rufe ramin da sauri, kamar wani zai kai ni ƙara. Lissafina daban ne: Asabar mai zuwa akwai tantance ma'aikata a ofis, ta bayanta kuma ina da ɗaurin aure a Kano. In ban shuka yau ba sai bayan mako uku. Ga dutse an wanke shi tas, ga iska mai sanyi, ga sungumi a hannu. Na fara sara.

Maƙwabcinmu a gona wani dattijo ne mutumin Kaltungo, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya. Sun shekara ashirin suna iyaka da mahaifina suna musu a kan taki. Baba nake ce masa. Ya tako ya tsaya a kaina, hannu a baya.

Ya ce, "Ɗana, ka tona kuwa?"

Na ce, "Na tona, Baba."

"Me ka gani?"

"Da dama-dama."

Ya kalli gwangwanin, ya kalle ni. Ya ce, "To ka rage rabi."

Na ce masa ai hasashen da na gani a waya ya nuna za a yi ruwa ranar Talata. Ya koma gindin ɗorawarsa ya zauna. Ni kuwa na zazzage gwangwanin kaf, kuma saboda ɗoki kowane rami sai da na cika masa hannu, har na buga gindin gwangwanin don kada ƙwaya ta maƙale.

Kwana biyar gero ya tsiro, layi-layi, kore shar. Na tashi daga ofis na je na gani, na ɗauki hoto na tura wa 'yan'uwana, ana ta sa mini albarka. Talatar da waya ta faɗa ta zo ta wuce. Wata Talatar ma ta wuce. Hadari yakan haɗu da la'asar, ya yi baƙi, ya yi ruri, sai iska ta kwashe shi ta yi yamma da shi. Wallahi har zagin hadari na yi a zuciyata, na dawo ina istigfari.

Ranar da na koma na ga ganyen ya murɗe ya zama kamar tsinken tsintsiya, na zauna a kan kunyar gona. Tsoro ne ya kama ni, tsoro na gaske, don na ga abin da mutum ya riƙe shekara arba'in zai mutu a hannuna cikin mako biyu, saboda tantance ma'aikata.

Da na koma gida Inna tana tsakar gida tana tsince zogale. Ba ta ɗago ba ta ce, "An ce gero yana ƙonewa a gonaki. Ka adana sauran irin da kyau, in ruwa ya zauna sai ka sake."

Da ƙarya ta zo bakina, sai na haɗiye ta. Na ce, "Inna, babu saura. Duka na zuba."

Hannunta ya tsaya a cikin faranti. Na so ta yi faɗa, ta kira ni sakarai, ta jefe ni da wani abu. Ina! Cewa kawai ta yi, "To," ta ci gaba da tsinke ganye. Wannan "to" ɗin ta fi mari zafi.

Washegari na nemi izini a ofis na ce ba ni da lafiya, kuma ba ƙarya na yi sosai ba. Na tarar da Baba a gona. Na shirya jin "ai na gaya maka", amma bai ɓata bakinsa ba. Ya zagaya da ni har ƙasan gonar, inda ta gangara wajen wani busasshen rafi. A nan geron bai gama mutuwa ba.

Ya ce, "Gonar nan ba za ta tsira duka ba, cire wannan a ranka. Zaɓi rami talatin. Sauran ka yi musu sallama."

Na ce, "Talatin kawai, Baba?"

Ya ce, "Jarka nawa babur ɗinka yake ɗauka?"

Muka kafa tsinke a kan ramukan da muka zaɓa, muka lulluɓe gindinsu da karan bara da busasshiyar ciyawa. Ya nuna mini inda ake tona yashin rafin a sami ruwa, sai ka jira ya taru ka kwasa da kofi. Daga ranar, ina tashi aiki sai rafi. Shi yana ba su ruwa da safe, ni da yamma, ranar Lahadi yana coci in haɗa duka biyun. Masu wucewa suka samu abin kallo. Wani Bafulatani mai kiwo ya jingina da sandarsa ya daɗe yana kallona, sannan ya tambaye ni cikin ladabi ko albasa ce. Na ce gero ne. Ya ce tunda yake bai taɓa ganin ana yi wa gero ban-ruwa da kofi ba, Allah ya ba da lafiya. Na ce amin.

Cikin talatin ɗin ma bakwai suka tafi. Sauran gonar kuwa ta koma jar ƙasa kamar ba a taɓa shuka komai ba.

Ruwa ya dawo ranar wata Laraba da hantsi, ina ofis. Wannan karon na gaske ne, har kwari ya kawo. Aka sake yi Alhamis, aka kwana biyu ana yayyafi. Ranar Asabar ina ɗaure fartanya sai ga Inna ta fito da mayafi da takalmin roba. Kwana huɗu ke nan da fitarta takaba, ko gidan maƙwabta ba ta leƙa ba.

Ta ce, "Tada babur ɗin. Zan ga ɓarnar da ido."

Muka bi ta cikin gari a hankali. Tuddai sun fara kore, tafasa ta fito a bakin hanya, mutane ko'ina da sungumi a kafaɗa. A gona ta gaisa da Baba, ya yi mata gaisuwar rashi, sannan ta wuce kai tsaye wajen ramukan. Kowanne ya yi cunkus, tsiro ya fi goma a rami ɗaya suna ture juna. Ta durƙusa ta tura hannu cikin ƙasa har ya nutse, ta zaro.

Ta ce, "Kai, wane irin zuba iri ka yi haka, kamar mai ba kaji tsaba?"

Kafin in amsa ta kama rami ɗaya ta rage shi, ta bar uku, sauran ta ciro su da saiwarsu da ƙasarsu. Ta ce, "Me ka tsaya kallo? Sara mini rami. Dashe za mu yi, tunda ƙasa ta sha."

Ashe haka ake yi. Ina sara, tana dasawa tana dannawa da diddige, Baba yana miƙo mata. Yayyafi ya sauko, babu wanda ya nemi gindin bishiya. Kafin azahar mun cike layi tara daga ramukan nan ashirin da uku. Ba gona guda ba ce, ko kashi ɗaya cikin huɗu bai kai ba, amma gero ne tsaye, nasa.

Na ce, "Inna, in Allah ya yarda bana za ki sha fura."

Ta miƙe tana dafe da ƙugu, laka har gwiwar hannu. Ta ce, "Wace fura? Ko ƙwaya ɗaya ba za a daka ba. Bana na iri ne. Baɗi ma sha, kuma baɗi ni zan riƙe gwangwanin."

Baba ya fashe da dariya, ita ma ta yi. Ni dai na sunkuya na ci gaba da sara don kada su ga idona. Tun ranar da aka fita da mahaifina daga gidan nan, ban ji Inna ta yi maganar baɗi ba sai ranar.